"Ba a taɓa harba ta ba": da me ake gane gaskiyar wannan magana a kasuwar tsoffin libarba?

Shin mutum zai iya ɗaukar libarbar da aka ƙera shekara sittin da suka wuce, ya jujjuya ta a hannu, ya haska ta da tocila, sannan ya bugi ƙirji ya ce harsashi bai taɓa fita ta bakinta ba?

Tambayar takan taso duk lokacin da labarin gwanjon wata tsohuwar bindiga ya zagaya, aka ji kuɗin da ya fi ƙarfin hankali. Nan da nan sai ka ji ana cewa ai don sabuwa ce dal, tun da aka ƙera ta ba wanda ya ja kunamarta. A Amurka, inda tara tsoffin bindigogi ya zama sana'a mai dillalai da gidajen gwanjo, wannan 'yar magana tana iya ninka kuɗin bindiga, kuma babu abin da ya kai ta haddasa rigima tsakanin mai saye da mai sayarwa. Tushen rigimar ɗaya ne: ƙarfe yana iya ba da shaidar cewa an harba bindiga, amma ba ya iya rantsewa cewa ba a harba ta ba.

Ita libarbar, da dalilin da ya sa ba ta da rufin asiri

Libarba ita ce ƙaramar bindigar hannu mai ganga a tsakiya. Gangar dunƙulen ƙarfe ce mai gurabe, galibi shida, wasu biyar, kowane gurbi da harsashinsa. In aka ja kunama, ko aka janyo 'yar gudumar da ke baya da babban yatsa, sai gangar ta juya ta kawo gurbi ɗaya saitin bututu, gudumar ta sari gindin harsashi. Samuel Colt ne ya yi rajistar fasalin bindiga mai ganga mai juyawa a Amurka a 1836, kuma har gobe sunansa da na kamfanin Smith & Wesson ne ke jan ragamar kasuwar.

A fistol ta zamani, mazaunin harsashi da bututu ƙarfe ɗaya ne, wuta ba ta da wata hanya sai gaba. Libarba kuwa dole a bar mata 'yar tsaga tsakanin fuskar ganga da gindin bututu, in ba haka ba gangar ba za ta juya ba. Tsagar ba ta wuce kaurin takarda biyu ba, amma duk harbi sai wuta da hayaƙi da ɓurɓushin dalma sun tsarto ta nan da ƙarfin gaske. Shi ya sa libarba ke barin sawu a wurare da yawa, shi ya sa kuma masu tari suke ganin kamar za su iya karanta tarihinta a jikinta.

Maganar kuɗi ce ta sa abin ya yi zafi. Ɗauki Colt Python, wadda aka fara ƙerawa a 1955 ana sayar da ita dala 125. Gwanaye ne suka riƙa goge ta da hannu har ƙarfen ya zama kamar madubi kafin a rina shi shuɗi mai duhu. Kamfanin ya daina ƙera ta a 2005, farashin tsoffin ya yi tashin gwauron zabi, kuma dawowar da ta yi da sabon fasali a 2020 bai kashe kasuwar na farkon ba. Python biyu na shekara ɗaya, ɗaya an ɗan yi harbi da ita, ɗaya tana kwance a kwalinta, tazarar kuɗinsu na iya kai dubban daloli.

Kalmar tun daga tushe tana da rami

Abin da sabon shiga bai sani ba shi ne kusan babu bindigar da ke barin masana'anta ba a harba ta ba. Wane maƙeri ne zai saki abin da zai iya fashewa a hannun mutum bai gwada ba?

A Turai ma doka ce. Ingila tana da gidajen gwajin bindiga biyu, na Landan mai asali tun 1637 da na Birmingham da aka kafa a 1813, kuma laifi ne a sayar da bindigar da ba ta da hatimin gwaji da doka ta amince da shi. Ƙasashe irin su Beljiyam, Jamus, Italiya da Faransa suna ƙarƙashin yarjejeniyar gwajin bindiga ta ƙasa da ƙasa, wato C.I.P., da ta samo asali a 1914. A tsarinsu ana gwada libarba da harsashin da ƙarfinsa ya ɗara na yau da kullum da kusan kashi 30 cikin ɗari, in ta jure a buga mata tambari. Wato duk libarbar da ka ga tambarin gwaji a jikinta, tambarin da kansa yana gaya maka cewa ta ci wuta, wutar ma da ta fi wadda za ta sake ci a rayuwarta.

Amurka ba ta da irin wannan doka, kamfanoni ne ke gwajinsu. Colt takan buga haruffan VP cikin 'yar alama mai kusurwa uku kusa da kunama, shaidar an gwada. Tsoffin Python da yawa sun fito da takardar saiti a cikin kwali, mai hujin harsasan da ma'aikaci ya harba da bindigar. Masu tarin Smith & Wesson kuma sun daɗe da lura cewa sabbin libarbar kamfanin sukan zo da alamar ƙuna a gurabe uku cikin shida, ana tsallake ɗaya, don haka in suka ga wannan fasali sai hankalinsu ya ɗan kwanta. Akwai ma lokacin da jihohin Maryland da New York suka wajabta wa kamfanoni haɗa kowace sabuwar bindigar hannu da kwanson harsashin da aka harba da ita, don 'yan sanda su adana. New York ta soke tsarin a 2012, Maryland a 2015, bayan an ga kuɗin da yake ci ya fi amfaninsa. Bindigogin wancan zamani suna nan da 'yar ambulan mai kwanso a cikin kwali, kuma ana tallar su da cewa ba a taɓa harba su ba.

Don haka a bakin 'yan kasuwa ma'anar kalmar ita ce ba a harba ta ba tun fitowarta daga masana'anta. Kamar sabuwar mota ce: ba ka taɓa samun mitarta a kan sifili, amma ba wanda zai ce maka ta hannu ce. Wahalar ita ce ita bindiga ba ta da mita. Aikin mai dubawa shi ne ya rarrabe sawun harsashi uku ko shida na masana'anta da sawun hamsin na wani da ya fita daji da ita ranar Lahadi ɗaya a 1968 ya dawo ya goge ta tas.

Inda wuta ke barin sawu

Ka ƙaddara kana tsaye a babbar kasuwar bindigogi ta Tulsa a jihar Oklahoma, wadda ke ci sau biyu a shekara da tebura sama da dubu huɗu. Wani dattijo ya tsaya gaban wata libarba mai takardar "sabuwa a kwali". Ba ya kai hannu sai ya nemi izini. In an ba shi, abu na farko shi ne ya buɗe ganga ya tabbatar babu harsashi, ko da mai kayan ya rantse. Gudumar kuwa ba ya taɓa ta. Daga aljihu zai fito da 'yar tocila, da gilashin ƙara girma, da farar takarda, da tsinken auduga irin na goge kunne.

Fuskar ganga yake fara dubawa, ɓangaren da ke kallon bututu. Harbi yana barin zobe baƙi a bakin kowane gurbi. A bindigar farin ƙarfe marar tsatsa zoben a fili yake kamar kwalli a idon amarya. A mai shuɗin rini sai an karkata ta a haske, nan za a ga wurin ya dushe ya koma toka-toka. Zobba uku marasa ƙarfi ba su tayar masa da hankali. Shida masu kauri iri ɗaya, to an sha harbi.

Sai ya leƙa bangon da ke bayan ganga, inda tsinken gudumar ke leƙowa ta wani ɗan huji. Duk harbi kwanson harsashi yana komawa baya ya daki wannan bango, a hankali ya zana da'ira a kewayen hujin, rinin ya fara cinyewa, wani lokaci a ga ɗan jan tagulla. A ganina wannan ne mashaidin da ya fi wuyar saye, domin datti ana wanke shi, amma rinin da ya tafi ba ya dawowa da goga.

Daga nan sai saman firam, wato gadar ƙarfen da ta ratsa bisa ganga. A ƙarƙashinta, daidai kan tsagar nan, wuta tana yanka wani siririn layi. Farko baƙi ne kawai, yana goguwa. In harbi ya yi yawa, musamman da harsashi mai zafi irin .357 Magnum, sai ya zama ƙaramin kwari da farce ke iya ji. Wannan cin wuta ba wasa ba ne: yana cikin dalilan da suka sa kamfanin Ruger ya janye libarbarsa mai cin harsashin .357 Maximum a shekarun 1980, bayan ɗan gajeren lokaci a kasuwa. In farcen dattijon nan ya maƙale a wurin, magana ta ƙare, sai dai a yi cinikin ta a matsayin ta hannu.

Gindin bututu yana da ɗan faɗi kamar mazurari don karɓar harsashi. Sabo yana da kaifin baki da sawun injin da ya yanke shi. Wanda ya sha aiki bakinsa yakan yi kaushi, dalma ta liƙe a ciki. Zai sa farar takardar nan a baya ta maido da haske cikin bututun, ya leƙa ta gaba yana neman jan layin tagulla a kan zaren da ke murɗa harsashi.

Na ƙarshe, wanda masu wanki suka fi mantawa da shi: sai ya danna sandar da ke fitar da kwanso, 'yar tauraruwar ƙarfen da ke bayan ganga ta ɗago, ya zura tsinken auduga a ƙarƙashinta. Ƙwayoyin garin harsashi da ba su ƙone ba nan suke maƙalewa. Haka lungun da ke tsakanin saman bututu da gada, inda burushi ba ya shiga. In audugar ta fito da busasshen man masana'anta mai ruwan zuma, alama ce mai kyau. In ta fito baƙa, ya gode wa mai kaya ya wuce.

Ko ɗakin binciken 'yan sanda bai wuce nan da nisa ba. Masana na iya gano ragowar sinadaran harbi su ce an harba bindiga tun bayan wankinta na ƙarshe, amma ba su da tabbatacciyar hanyar faɗin harsashi nawa ko wace shekara.

Layin da ke jikin ganga

Nan ne aka fi yin kuskure. Kusan kowace tsohuwar libarba tana da siririn layi da ya zagaye gangar, ya ratsa 'yan ramukan da ke jikinta. Mutane na ganinsa su ce ai ga shaida, an harba ta. Alhali wuta ba ta da hannu a ciki. Wani ɗan harshen ƙarfe ne ke fitowa daga ƙasa ya faɗa ramin don ya kulle ganga, shi ne ke gogar ta tana juyawa. Wanda ya zauna a falo yana ja yana saki ba harsashi zai yi mata layi fiye da wanda ya harba ta sau goma.

Kuma kamfani da kamfani sun bambanta. A Smith & Wesson harshen yana fitowa da wuri, haka aka tsara shi, don haka layi ba abin mamaki ba ne ko a kan sabuwa. A tsoffin Colt kuwa, in saitinsu daidai ne, harshen yana sauka ne dab da ramin, saboda haka cikakken layi yana nuna an yi wasa da ita ko saiti ya goce. Colt Single Action Army, bindigar kaboyi da ta fito a 1873, ita ce ta fi saurin ɓaci. In ka janyo gudumarta za ka ji ƙara huɗu, masoyanta na cewa sunan Colt take kira harafi-harafi. In ka tsaya a rabi ka mayar da gudumar ba ka kai ƙarshe ba, harshen zai fito a tsakanin ramuka, juyi ɗaya ya isa ya karce ta. Wannan ya haifar da wani matsayi da ya fi "ba a harba ba" tsada, wato "ba a juya ba". Irin waɗannan ake ɗaure musu guduma da igiyar roba, kuma baƙon da ya janyo ta a kan tebur ba izini, ranar zai ji maganar da bai taɓa ji ba. Abin dariyar shi ne mai saye ba zai iya gwada ko bindigar tana aiki ba, domin gwajin kansa zai rage mata daraja.

Kwaskwarima

Tunda kuɗi na cikin tsabta, dole a sami masu ƙera tsabta. Akwai wani ƙyalle mai sinadari da ke goge zoben ƙuna daga farin ƙarfe cikin 'yan mintoci, fuskar ganga ta koma fes. A kan irin wannan bindiga gaskiya ido kaɗai ba ya wadatarwa, sai a koma kan bangon baya da gindin bututu. Shi ƙyallen in ya taɓa shuɗin rini cinye shi yake yi, sai mai algus ya bi wurin da rinin kwalba, wanda launinsa ba ya dacewa da na asali a hasken rana, kuma yana da wani wari da gogaggun dillalai ke ganewa. Kar ka yi mamaki in ka ga mutum ya kai bindiga hanci.

Shi shuɗin rinin ba fenti ba ne. Wata irin baƙar tsatsa ce da ake haifarwa da gangan a fatar ƙarfe don ta tare jar tsatsa. Kafin a sake rina tsohuwar bindiga sai an goge ta da inji, gogar kuma ba ta da tausayi. Rubutun da aka buga yakan dushe, ɗan dokin tambarin Colt ya rasa ƙafa ko wutsiya, kusurwoyi masu kaifi su yi laushi, bakin ramin noti ya lotsa kamar faranti. A Smith & Wesson akwai murfin gefe da ake gogewa tare da firam tun a masana'anta, har gaɓarsu ta zama kamar gashi ɗaya; in ka ga gaɓar ta buɗe ta yi kwari, an sake aiki. Kan noti ma yana magana, domin sukudireban da bai dace ba yana barin tabo. Kamfanin da kansa ya kasance yana buga 'yar tauraruwa kusa da lambar bindigar da aka dawo masa da ita gyara, ya buga wata da shekara a ƙarƙashin ƙota. Bindigar da aka sake rinawa tana iya fin sabuwa sheƙi, amma a wajen masu tari darajarta ta faɗi warwas.

Ni dai tsabtar da ta wuce kima ta fi ba ni tsoro a kan ɗan datti. Bindigar shekara hamsin da babu ko ɗigon tsohon mai a lungunta, wani ya zauna a kanta da niyya.

Na zamanin albarushi

In aka koma ƙarni na 19 lissafin ya sauya. Wancan lokacin albarushi ake amfani da shi, haɗin gawayi da farar wuta da wani nau'in gishiri. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindigar fada a hawan Sallah ya san hayaƙinsa da warinsa, kuma kowane maharbi mai bindigar toka ya san in ba a wanke ta ba tsatsa za ta cinye cikinta, saboda tokar tana jan danshi. Colt ba ta amince a sa garin zamani marar hayaƙi a Single Action Army ba sai a 1900, kuma ƙwayar tartsatsin da ke gindin harsashi ta ci gaba da barin gishiri mai cin ƙarfe har zuwa ƙarshen shekarun 1920 da aka fara sayar da marar ci a Amurka. Saboda haka bututun da ya fito daga wancan zamani yana ƙyalli ba rami ko ɗaya, ko dai ba a yi aiki da shi sosai ba, ko mai shi ya kasance mutum mai tsananin kula. Wanne ne daga ciki, bututun ba zai faɗa ba.

Waɗanda suka girme su, masu ɗurin baki irin Colt Navy ta 1851, ana duba 'yan nonnan da ke bayan ganga inda ake ɗora hular tartsatsi: guduma tana daddaƙe su, wuta tana cin kewayensu. Ana kuma duba zanen da ke jikin gangar, hoton yaƙin jiragen ruwan Texas da Meziko na 1843, wanda hannu da kube ke shafewa a hankali. A wannan aji ba kasafai mai hankali ke cewa ba a harba ba. Ana maganar kashi nawa na rinin asali ya rage.

Kwali da wasiƙa

Kwali na asali mai lambar da ta dace da ta bindiga, da takardar mai da aka naɗe ta, da burushin da ba a taɓa tsomawa ba, duk suna ƙara nauyin magana. Sai dai kwalaye da takardun manne na jabu sun cika kasuwa, musamman na Python, kuma tsohon kwali na gaske shi kansa ana sayar da shi daban a haɗa shi da wata bindigar.

Colt da masu kula da tarihin Smith & Wesson suna bayar da wasiƙa daga tsoffin littattafan masana'anta in ka biya. Za ta gaya maka ranar da aka aika bindigar, kantin da aka aika wa, tsawon bututu, irin rini da irin ƙota. Tana tona asirin wanda ya sauya bututu ko ya mayar da shuɗiya fara. Amma labarinta yana tsayawa ne a ƙofar masana'anta.

Masu jayayya

Dillalai suna cewa kowa a kasuwa ya san ma'anar kalmar, ba wanda aka rufe. Masu tsantseni suna cewa a daina faɗinta gaba ɗaya, tunda mai sayarwa na uku ko na huɗu ba shi da hanyar sanin abin da na farko ya yi. Manyan gidajen gwanjo sun fi karkata nan, shi ya sa za ka ga sun rubuta "da alama ba a harba ta ba bayan gwajin masana'anta", su bar wa kansu ƙofar fita. Akwai ma'aunin daraja na NRA, ƙungiyar masu bindiga ta Amurka, akwai kuma na kashi cikin ɗari, 100 ko 98 ko 95, gwargwadon rinin da ya rage. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma wannan ma'auni na kashi ya fi gaskiya domin abin da ake gani yake aunawa.

Ɓangare na uku su ne maharba, masu yi wa irin waɗannan bindigogi ba'a da sunan sarauniyar akwati. A wajensu an ƙera Python ne don santsin kunamarta, wanda bai taɓa harba ta ba bai san abin da ya mallaka ba. Suna da hujja, kuma su ne ke cin ribar rigimar, don sukan sayi mai kashi 95 da sauƙi su more. Inda hujjarsu ba ta aiki shi ne bindigogin tunawa da Colt ta riƙa fitarwa da yawa tun daga shekarun 1960, masu ruwan zinariya da akwatin katako. Waɗannan ba su da wata daraja sai sabunta. Harbi ɗaya ya mayar da su bindigar yau da kullum mai kwalliya.

Wa abin ke shafa?

Magada ne suka fi shan wahala. Mutum ya rasu ya bar akwati, matarsa ko 'ya'yansa ba su san komai a kai ba. Wani ya zo ya nuna musu layin jikin ganga ya ce ai an gama da ita, ya saye a banza. Ko kuma ɗan ya ce bari ya gyara kafin a kai kasuwa, ya sa soson ƙarfe, ya jefar da tsohon kwali don ya yage, garin neman gira a rasa ido. Masu saye ta intanet kuma cinikin biri a sama suke yi in ba su nemi hoton fuskar ganga da bangon baya da ƙarƙashin gada ba, tare da sharaɗin kwanakin dubawa. Sharaɗin ma yakan zo da nasa sharaɗin: ba harbi, ba kwancewa.

Ga mai karatu a Najeriya, wannan kasuwa ta kallo ce daga nesa. A Amurka dokar tarayya ba ta ɗaukar bindigar da aka ƙera kafin 1899 a matsayin makami irin sauran, kayan tarihi ce. Dokar makamai ta Najeriya, mai asali tun 1959, ta sa libarba da fistol cikin jerin haramtattun makamai da sai da lasisin shugaban ƙasa, har da tsoffin masu ƙyastu. Tsufa ko kyau ba ya fitar da ita daga jerin.

Wadda aka saya saboda an harba ta

A 2018 gidan gwanjon Rock Island ya sayar da wata Colt Walker ta 1847, ɗaya daga cikin kimanin 1,100 da aka ƙera, a kan dala miliyan 1.84. Tana cikin akwatinta na asali, kuma kyan halin da take ciki ya taka rawa a farashin. Amma a watan Agustan 2021 gidan Bonhams ya sayar da wata Single Action Army a kan sama da dala miliyan 6, ita kuwa ta sha hannu da kube, ba mai cewa sabuwa ce. Ita ce bindigar da Pat Garrett, shugaban 'yan sandan wata gunduma, ya kashe ɗan fashin nan Billy the Kid da ita a Fort Sumner ta New Mexico, a watan Yulin 1881.

Harbi biyu Garrett ya yi a wani ɗaki mai duhu, na farkon ne ya samu. Ka ba dattijon Tulsa wannan bindiga da tocilarsa da audugarsa, zai gaya maka an harba ta, amma ba zai iya nuna maka sawun waɗancan biyun a cikin sauran ba. Abin da masu gwanjo suka ɗora a tebur shi ne lambar da ke jikinta, 55093, da takardun da suka bi ta daga hannu zuwa hannu tsawon shekara 140.